Yadda Ake Bin Ba'asin Kansil Kan Gandun Shaƙatawa A Ingila

Akwai wata 'yar gada ta katako a gandun shaƙatawar da muke zuwa da yara ranar Lahadi, kan wani ƙaramin rafi take, ita ce ta haɗa wurin ajiye motoci da ɓangaren tafki. Katako biyu suka ruɓe a tsakiya, sai aka zo aka zagaye ta da igiyar ledar nan mai ja da fari, aka manna takarda wai an rufe na ɗan lokaci. Hunturu ya shigo ya fita gada na nan a rufe, takardar ma ruwa ya wanke rubutun tas. Ranar da abin ya tsaya min a rai wata dattijuwa na gani ta turo jikanta a keken yara har bakin gadar, ta tsaya tana kallon igiyar, ta kalli ɗaya hanyar mai taɓo da gangara, sai kawai ta juya ta koma mota yaron na kuka yana nuna agwagi da hannu. Wallahi har na dawo gida ina jin abin.

Mun yi ta ƙorafi a guruf ɗin unguwa na Facebook, kowa ya zuba nasa, ba abin da ya motsa. Abin da ya motsa shi takarda ce, tambaya ƙwaya ɗaya a rubuce zuwa ga wanda doka ta tilasta wa ya amsa. Shi nake so in shimfiɗa muku dalla-dalla, musamman 'yan'uwa da suke zaune a nan suna biyan harajin kansil duk wata amma suna ganin kamar ba su da bakin magana. Ku lura dokokin Ingila nake magana a kai, Sukotland da Wales suna da nasu ofisoshin daban.

Da farko ka san waye mai wurin. Kar ka raina wannan, mutane da yawa a nan suke ɓata wata biyu suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Irin waɗannan gandayen dokar karkara ta 1968 ce ta ba kansiloli ikon kafa su domin mutanen gari su samu daji kusa da gida, na farko shi ne Wirral Country Park da aka buɗe a 1973 a kan tsohon layin dogo. To amma kansil ɗin kala-kala ce, akwai ta kawunti, akwai ta gunduma, akwai wadda ta haɗa aikin duka biyun, akwai kuma ƙananan na ƙauye ko gari. Wani lokacin filin na kansil ne amma ta ba wani kamfani kwangilar kula da shi, ko ta miƙa wa wata ƙungiyar amintattu, kamar yadda Newcastle ta yi da wuraren shaƙatawarta a 2019. Ka duba allon bakin ƙofa, ka duba tikitin fakin ɗinka sunan wa ke jiki, sannan ka shiga shafin kansil ka nemo jerin filaye da gine-ginenta domin wajibi ne su wallafa shi duk shekara. In har yanzu da shakka, ofishin rajistar filaye na HM Land Registry zai baka takardar mallakar da 'yan fam kaɗan.

Daga nan sai ka tara shaida kafin ka buɗe baki. Hoto mai kwanan wata, daga wuri ɗaya, duk sati ko sati biyu. Ka sami ɗan littafi ko fayil a waya kana rubuta ranar da kaje, abin da ka gani, wa ka yi wa magana, me yace. Ka kai rahoton matsalar ta hanyar da suka tanada, ko ta shafinsu ko ta shafin kai rahoto na FixMyStreet, kuma dan Allah ka ajiye lambar da za su turo maka, domin gobe in aka ce ba a taɓa sanar da su ba ita za ka ɗaga. Masu gadin daji da kake gani da koren kaya ka gaishe su ka ji ta bakinsu, galibi su ma abin na damunsu kuma ba su ne ke raba kuɗi ba, kar ka sauke fushinka a kansu.

Sai ka nemo alƙawarin da su da kansu suka ɗauka. Yawancin gandaye suna da kundin tsarin kulawa na wasu shekaru, a ciki aka rubuta yaushe za a duba gadoji, yaushe za a sare ciyawa, wane gyara za a yi a wace shekara. In kaga koriyar tutar Green Flag tana kaɗawa a wurin to lallai akwai wannan kundin, domin ba a bada tutar sai da shi. In kuma gandun yana cikin waɗanda hukumar kula da muhalli ta Natural England ta tantance, akwai sharuɗɗa: ya kai hekta 10, shiga kyauta, a ga ma'aikata a wurin, bayan gida ya kasance a ciki ko kusa, kuma a riƙa jin ra'ayin jama'ar yankin. Kaga maimakon kace "kun yi watsi da mu", sai kace a shafi kaza na kundinku kun ce za ku duba gadoji duk shekara, ina rahoton bara? Wannan tambayar ba a iya kauce mata da daɗin baki.

Yanzu kansilanka. Sa lambar postcode ta unguwarku a shafin WriteToThem zai fito maka da sunayensu. Ka rubuta gajeren saƙo, hoto biyu, lambar rahotonka, da tambaya ɗaya. Kuma ka nemo kansilan da aka ba ragamar muhalli ko wuraren shaƙatawa a majalisar zartarwa ka sa shi a kwafi, shi ne mai yanke hukunci a siyasance. Da yawansu suna da ranar ganin jama'a a laburare ko zauren unguwa, kaje da ƙafarka in ka samu hali. In sati biyu uku suka wuce shiru kar ka tsaya jira, wuce mataki na gaba.

Nan ne zan daɗe, domin nan ƙarfin yake. Dokar 'yancin samun bayani ta 2000, wadda ake kira FOI, ta fara aiki sosai a Janairun 2005, ta ba kowa damar neman bayanan da hukuma take riƙe da su a rubuce. Kowa fa, ba ruwanta da fasfo ɗinka ko irin bizarka, ba sai ka faɗi dalili ba, sunanka na gaskiya da adireshin imel kawai. Suna da ranakun aiki 20 su amsa. Akwai 'yar'uwarta ta bayanan muhalli ta 2004, EIR, kuma maganar ƙasa da ruwa da bishiyoyi da dabbobin daji yawanci ƙarƙashinta take faɗawa, ita har da baki ana iya nema amma ni dai shawarata ka rubuta. A ƙarƙashinta za su iya ƙara wa'adi zuwa ranakun aiki 40 in abin na da yawa da sarƙaƙiya. Ba dole ka san wacce ce ta dace ba, aikinsu ne su tantance.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tambayar "me yasa". Dokar ba ta tilasta musu su yi maka bayani ko su faɗi ra'ayi ba, takardun da suke da su ta tilasta musu su fitar. Saboda haka takarda za ka nema. Ga irin abin da na rubuta, da Turanci mai sauƙi, amma ma'anarsa kenan: ina neman kwafin duk rahoton duba lafiyar gadar da ke kan rafi cikin shekara uku da suka wuce, da duk ƙiyasin kuɗin gyara da aka karɓa, da ranar da aka yanke shawarar rufe ta da muƙamin wanda ya yanke. Shikenan, layi huɗu. Ka ƙayyade wuri, ka ƙayyade lokaci. Dalili kuwa a ƙarƙashin FOI kansil na iya ƙin amsawa in nemo bayanan zai ci fiye da fam 450, wato awa 18 na aikin ma'aikaci, to in ka ce a baka duk imel ɗin da aka taɓa yi kan gandun kai da kanka ka buɗe musu ƙofar tsira. Gara ka tura ƙarama, in amsa tazo ka gina ta biyu a kanta.

In ka tura ta shafin WhatDoTheyKnow tambayarka da amsarsu duk za su zauna a fili kowa ya gani, shafin kuma yana lissafa maka ranakun. Kafin ka tura ka bincika a nan, sau da yawa wani ya riga ka tambaya. Amma kar ka sa maganar da ta shafi sirrinka ko sunan ƙaramin ma'aikaci, tunda duniya za ta karanta.

Amsa in tazo ka karanta da natsuwa. Tamu da tazo sai ga rahoton injiniya da ya nuna tun kafin katakon ya karye an rubuta cewa yana buƙatar canji, ga ƙiyasin kuɗi har biyu, amma babu takardar da ta nuna an sa aikin a kasafi. Kaga yanzu mun san inda gizo ke saƙar, ba a bakin rafi matsalar take ba, a teburin kasafi take. In kuma sun ƙi baka, dole su faɗi sashen dokar da suka dogara da shi. Wanda suka fi fakewa da shi shi ne sirrin kasuwanci na ɗan kwangila, kuma yawancin irin waɗannan dalilan sai an auna su da maslahar jama'a. Ka nemi su sake duba hukuncin a cikin gida, a rubuce, da wuri, a ƙarƙashin EIR ranakun aiki 40 kake da su. In ba ka gamsu ba sai ofishin kwamishinan bayanai, ICO, kyauta ne, sai dai yana ɗaukar watanni. Kar ka ɗauka wasa ne. A Sheffield, lokacin rikicin sare bishiyoyin titi, ta wannan hanyar aka tilasta fitar da ɓangaren kwangilar da ke ɗauke da adadin bishiya 17,500 da za a sare a maye gurbinsu, a 2018, daga baya binciken Sir Mark Lowcock na Maris 2023 ya tabbatar kansil ɗin ta ɓatar da jama'a, kuma ta fito ta nemi afuwa.

Sai bin sawun kuɗi. Ƙa'idar bayyana gaskiya ta 2015 ta ce duk abin da kansil ta kashe da ya haura fam 500 sai ta wallafa shi duk wata uku, haka kwangilolin da suka haura fam 5,000. Sauke fayil ɗin, ka bincika sunan gandun ko sashen wuraren shaƙatawa, za kaga wa aka biya, nawa, yaushe. Ka tambayi nawa wurin yake shigowa da shi ta fakin da hayar shagon shayi da bukukuwa, nawa kuma ake mayarwa cikinsa. Kar ka ɗauka dole kuɗin fakin ya koma gandun, sau da yawa babban asusu yake tafiya, to a faɗa wa mutane gaskiya su sani. Akwai kuma kuɗin da masu gina gidaje suke bayarwa ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara gine-gine domin inganta unguwa, kansil na fitar da rahotonsa duk shekara, ka duba ko akwai wanda aka ware wa gandunku yana kwance ba a taɓa ba.

Ga wata dama da mutane ƙalilan suka sani. Shekarar kuɗin kansil tana ƙarewa 31 ga Maris, bayan nan dokar binciken kuɗi ta 2014 ta ba da ranakun aiki 30 da mai ruwa da tsaki zai iya duba asusun da idonsa, har rasiɗai da takardun biya da kwangiloli, ya kuma ɗauki kwafi. Lokacin zafi ake yi, ranakun suna fitowa a shafinsu a wani lungu da ba kowa ke leƙawa ba, sai ka sa ido. Ka rubuta tun kafin lokacin ka faɗi takardun da kake so. Wanda sunansa ke cikin rajistar masu zaɓe na yankin yana da ƙari, zai iya yi wa mai binciken kuɗi na waje tambaya, har ya shigar da ƙin amincewa a rubuce cikin waɗannan kwanakin in yana ganin an kashe kuɗi ba bisa doka ba. A nan zan roƙi 'yan'uwa 'yan Najeriya da Ghana da Kamaru masu izinin zama, ƙasashenku na cikin Commonwealth, kuna da damar yin rajistar zaɓe, ku yi. Amma ƙin amincewar nan kar a yi ta da wasa, kuɗin aikin mai binciken daga asusun kansil ɗin yake fita, wato daga aljihunmu.

Ina so in yi adalci a nan. Kula da wurin shaƙatawa ba ya cikin ayyukan da doka ta wajabta wa kansil kamar kula da tsofaffi da yara marasa galihu, shi yasa in kuɗi ya yi ƙasa nan ake fara yanka. Northamptonshire a 2018, Croydon a 2020, Birmingham a 2023 duk sun fitar da sanarwar sashe na 114, wato kasafinsu ya kasa daidaita. Ga cutar da ke kashe bishiyar ash da aka tabbatar da shigowarta a 2012, sare waɗanda suka zama haɗari a bakin hanya kuɗi ne mai yawa. To ba duk jinkiri ne cin amana ba, kuma kar ka shafa wa wani kashin kaji a intanet kace ya ci kuɗi alhali ba ka da takarda, dokar ɓata suna a nan tana da kaifi. Amma rashin kuɗi bai hana a faɗa mana me aka zaɓa, me aka bari, wa ya zaɓa ba.

Daga nan sai zauren taro. Zaman kansil a buɗe yake ga jama'a, ajanda da rahotanni suna fita cikakkun ranakun aiki 5 kafin zama, manyan shawarwari kuma ana sanar da su kwana 28 kafin a yanke. Tun 2014 kana da damar ɗaukar bidiyo ko murya a zaman da yake a buɗe. Yawancin kansiloli suna ware lokacin tambayoyin jama'a, sai dai kowace da ƙa'idarta a kundin tsarinta, galibi sai ka tura tambayar kwanaki kafin nan kuma minti kaɗan za a baka. Ranar da na je mu biyar ne a kujerun baya, dattijuwar nan na cikinmu domin na sake haɗuwa da ita na gayyace ta, na tashi hannuna na ɗan rawa na karanta layi uku: rahoton injiniyanku na wata kaza ya ce a canza katakon, ga ƙiyasi biyu a hannunku, a wane kasafi aikin yake kuma wace rana za a fara? Kansilan ya duba takardunsa ya ce zai amsa a rubuce, kuma wannan maganar ta shiga bayanan zama. Abin da kake nema kenan, ya shiga rubutu. Ka nemi kwamitin sa ido shi ma, aikinsa bincikar majalisar zartarwa, kana iya roƙon shugabansa ya sa maganar gandun a jadawalinsu. In aka ce jama'a su fita za a shiga zaman sirri, dole a faɗi dalilin da doka ta yarda da shi, ka rubuta shi.

In kuwa ka ji ƙishin-ƙishin za a sayar da wani yanki ko a bada hayarsa, to ajiye komai, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Sashe na 123 na dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ya ce kafin kansil ta rabu da filin shaƙatawar jama'a sai ta buga sanarwa a jaridar yankin sati biyu a jere, ta kuma duba ƙorafin da aka kawo. Sanarwar 'yar mitsitsiya ce a shafukan baya, sai ku raba aiki wani ya riƙa dubawa duk sati. A Shrewsbury kansil ɗin gari ta sayar da wani yanki na filin Greenfields a 2017 ba tare da wannan sanarwar ba, wani mazaunin unguwar Dakta Peter Day ya bi maganar har Kotun Ƙoli, a Maris 2023 kotu ta soke izinin ginin da aka bayar. Amma shekaru ya kwashe, kuma ƙofar kotu gajeriya ce, wata 3 ne iyaka a yawancin hukunce-hukunce, sati 6 kacal in izinin gini ne, ga tsada, sai da lauya. Tun kafin a kai nan, mutum 21 masu rajistar zaɓe za su iya neman a sa wurin cikin jerin kadarorin al'umma ƙarƙashin dokar 2011, wanda ke ba jama'a lokaci su shirya tayi in an tashi sayarwa.

Ƙorafi na hukuma shi ma yana nan. Ka bi matakan ƙorafin kansil har ƙarshe, sannan Ombudsman na ƙananan hukumomi, wato ofishin sauraron koke-koken jama'a, kyauta, cikin wata 12 da sanin matsalar. Sai dai shi yana duba wanda abin ya cuta kai tsaye ne, ba abin da ya shafi kowa da kowa ba, kuma ba ya karɓar ƙara kan ƙananan kansilolin ƙauye. Mai keken guragu da aka rufe masa hanya ɗaya tilo ko bayan gidan nakasassu, shi ƙararsa tana da ƙarfi, ga dokar daidaito ta 2010 a bayansa. In kuma kana zargin wani kansila yana da hannu a kamfanin da ya samu aiki, rajistar kadarori da muradun kansiloli a fili take, ka duba, in da abin dubawa ka rubuta wa jami'in sa ido na kansil.

Kar ka yi shi kai kaɗai, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. Kusan kowane gandu yana da ƙungiyar abokansa masu tsintar shara da dashen itatuwa, shiga cikinsu, a nan za ka samu tsoffin da suka san tarihin kowace kwangila. Ku raba aiki, wani ajanda, wani jarida, wani hoto, kuma ku riƙa magana da baki ɗaya. Ɗan jaridar yankin ma in ka kai masa takarda a hannu ya fi saurin ɗauka fiye da in ka kai masa fushi.

Amsar kansilan tazo bayan sati uku ɗauke da ranar da za a fara aiki. Na sa ranar a kalanda, da ta wuce da kwana goma ba kowa a wurin na tura masa hoton gadar tare da kwafin wasiƙarsa da shafin bayanan zaman. Sati na gaba motar ma'aikata tazo da sabbin katakai. Yanzu maganar bayan gidan da ke kusa da filin wasan yara muke bi, wanda ake kullewa tun ƙarfe huɗu ko a lokacin zafi da rana ke kaiwa tara na dare, mun tura neman kwafin kwangilar masu shara da jadawalin buɗewa da rufewa, yau ranar aiki ta 11 kenan muna ƙirga.